Ranar da Muka Juya Eriya a Mansura

Shekarun baya, tun Doha ba ta san wani abu wai jirgin ƙasa ba, muna zaune a unguwar Mansura ni da maigidana da ɗanmu na fari. Maigidana direba ne a gidan wani Balarabe, kuma kafilin nasa, wato shi Balaraben, ne ya tsaya masa har aka yi mini biza na biyo shi da goyo. Ni dai karatuna bai wuce firamare ba, sai 'yar Islamiyya. Larabcin da na zo da shi na salla ne. Turanci kuwa, sai dai in gyaɗa kai in yi murmushi.

Gidan da muke ciki fulat ne guda a bene na biyu, aka yanyanka shi da katako aka fitar da ɗakuna. Namu yana can ƙurya, ba shi da taga ko ɗaya. Idan ba ka dubi agogo ba, ba ka sanin rana ta fito ko ta faɗi. A ɗakin da ke jikin namu akwai wasu samari 'yan Arewa masu aikin gadi, dutin dare suke yi, su dawo da safe su kwanta. Katakon da ya raba mu da su kuwa, ko cokali ka yar sai sun ji. Ranar da na iso maigidana ya ja ni gefe ya ce, "Don Allah ki kula da bayin Allahn nan, da rana suke barci. Kar a ce na kawo iyali na hana mutane sakat."

To ni mace ce mai ɗaukar magana da nauyi fiye da yadda aka faɗe ta. Na riƙe maganar nan kamar hadda. Yaro ya yi motsi, in ce shh. Ya buga murfin tukunya, in karɓe. Ya fara kuka, in goya shi in yi ta zagaye ɗaki ina jijjigawa. Ni kaina sai in wuni ban ce uffan ba. Maigida yana fita tun da sassafe, ba ya dawowa sai yaro ya yi barci.

A haka yaron nan ya haura shekara biyu bai taɓa cewa ko "Mama" ba. Idan yana son ruwa ya kama hannuna ya kai ni gaban firij. Idan ya ƙoshi ya kau da kai. Yaro ne mai wayo, ido kamar na babba, amma baki shiru.

Duk Juma'a maigidana yana sayo katin waya a baƙala, wato ɗan kantin unguwa, mu kira gida. Mahaifiyata tana gama amsa gaisuwa sai ta ce, "Ya mutumina, ya fara magana?" In ce, "Tukuna dai, Inna." Sai ta yi shiru. Na san abin da shirun yake nufi, domin akwai ɗan ƙanin mahaifina da aka haifa bebe, ba ya ji ba ya magana, kuma shi ma haka aka yi ta cewa tukuna. Babu wadda ta taɓa ambatonsa a cikinmu. Rannan dai ta kasa daurewa ta ce, "Idan kun zo hutu ki bar mini shi. Nan akwai yara, akwai masu magani. Ke can daga ke sai bango." Na ce to. Na ajiye waya. Amma ba na son in rabu da shi.

Har gwaji nake yi masa. In laɓaɓa ta bayansa in ƙwanƙwasa kofi da cokali in ga ko zai waiwayo. Amma saboda masu barci, a hankali nake ƙwanƙwasawa, yadda ni kaina da ƙyar nake ji. Idan bai waiwayo ba sai in zauna in yi ta kuka, shi ma kukan a hankali. Maigidana ya ce, "Ke kin cika tsoro. Ni ma an ce ban yi magana da wuri ba, yanzu wa ya fi ni surutu a cikin mota?" Amma ina kallonsa ranar hutunsa yana ɗora yaron a cinya yana cewa, "Ce Baba. Ba-ba." Idan ya gaji sai ya sauke shi ya ɗauki rimot.

Abu ɗaya ne yake ba ni ƙwarin gwiwa, talabijin. A fulat ɗin nan dish ɗaya ne, risiba ɗaya a falo, aka ja waya zuwa kowane ɗaki. Abin da mai rimot ya kamo a falo, shi kowa zai gani a ɗakinsa, ko yana so ko ba ya so. Da daddare maza ne da ƙwallonsu. Da rana kuwa kowa ya fita ko yana barci, rimot nawa ne. Bayan la'asar tashar garin tana sa wani shiri na yara, 'yan tsana masu manyan baki suna waƙa da Larabci. Yaron nan da ya gan su sai ya miƙe ya je ya tsaya daf da gilashin. Ina rage murya sosai, amma na lura leɓensa yana motsi. Suna buɗe baki yana buɗewa. Wani lokaci har wani ɗan "mmm" yake fitowa. Ban gaya wa kowa ba. Na mayar da shirin nan kamar magani, kullum a kan lokaci, ina cewa a raina wata rana kalma za ta faɗo, ko ta Larabci ce ina so.

Sai rannan na kunna na tarar da allo shuɗi da wani rubutu a tsakiya. Na danna nan, na danna can. Finafinan Indiya suna nan, tashoshin ƙwallo suna nan, amma tashoshin garin duk sun ɓace. Na ce shi ke nan, na ɓata wa mutane risiba. Na goge rimot da zani na mayar da shi daidai inda na ɗauka, kamar hakan zai ɓoye laifina. Sai da maigidana ya dawo ya karanta rubutun ya yi dariya.

"Ba ke ba ce. Kamfanin dish ne suke rigima da masu tashar a kan kuɗi. Waɗannan sun ce a ƙara, waɗancan sun ce ba za su ƙara ba, shi ne aka cire su."

"To sai yaushe za a dawo da su?"

"Sai sun shirya. Manya ne, ina ruwansu da mu."

Mazan gidan ko a jikinsu, tunda ƙwallo tana nan. Yarona kuwa, la'asar na yi ya je ya tsaya a wurinsa. Ya dafa gilashi. Ya waiwayo ya dube ni. Na sa masa wani katun na wata tasha, ya kalla kaɗan ya juya baya. Washegari ya sake zuwa, jibi ma haka. Daga nan ya daina zuwa gaba ɗaya, sai ya kwanta a kan katifa yana wasa da gefen bargo. Ɗan "mmm" ɗin ma ya tafi. Wannan ne ya karya ni.

A ɗakin farko, kusa da ƙofar fita, akwai wata mata 'yar Zangon Kumasi, tana aikin shara a wata makarantar 'yan mata. Ta girme ni sosai, Anti nake ce mata. Mace ce mai murya, idan tana dariya a kicin har ƙasan bene ana ji, kuma ni saboda haka nake ɗan gudunta. Ita ce ta shigo kicin ta same ni ina hawaye a gaban tukunya.

"Ƙanwata, albasa ce?"

"Albasa ce, Anti."

Ta leƙa tukunya, ta leƙa kwando. "Ruwan zafi kike dafawa. Ina albasar?"

Sai na fashe. Na gaya mata komai, har maganar bebe da ban taɓa furtawa ba, har maganar barin yaro a gida. Ta saurare ni tana tsaye da hannu a ƙugu. Da na zo kan 'yan tsana da rigimar kamfani sai ta ce, "A kan wannan kike kuka? Tashar garin nan ai a iska take yawo, kyauta. Kamfani ɗaukowa yake yi ya sayar muku. A garinku ba ku da eriya ne?"

Muna da ita mana. A gidanmu doguwar gora aka ɗaure ta a kai, jikin bishiyar darbejiya. Na ce, "Na ɗauka a ƙasar masu kuɗi an daina wannan."

"Masu kuɗi sun daina. Ke mai kuɗi ce?"

Da na kai wa maigidana maganar sai ya riƙe baki. "Eriya? A Qatar? Mutane suna gaba ke kina jan mu baya. Idan abokaina suka gani me zan ce musu?" Ban yi gardama ba, na ce masa kawai ya dubi yaron. Ya dube shi yana kwance yana murza bargo. Ranar Alhamis sai ga shi da wani dogon kwali, wai sai da ya zagaye tsofaffin shagunan unguwar Asmakh kafin ya samu, mai shagon ma daga ƙarƙashin tarkace ya zaro ta yana kaɗe ƙura. Irin mai kama da ƙashin kifi ce, da naɗin waya mai tsawo.

Sauran aiki hawa rufin bene, kuma makullin yana hannun haris, mai kula da ginin. Shi kuwa kalma ɗaya ya iya, "Mamnu," wato an hana. Anti ta ce a bar ta da shi. Ban san me ta gaya masa ba, na dai ga ta sauka da kwanon shinkafa da wake da shito, soyayyen yajin garinsu, ta dawo babu kwano, haris yana biye da ita yana kaɗa makulli yana cewa, "Yalla, yalla," wato mu je.

Ranar Juma'a bayan la'asar aka yi aikin. Zafi ne irin na Doha mai ɗanshi, wanda kana tsaye riga take manne maka. Maigidana ya hau sama ya ɗaure eriya a jikin ƙarfen tankin ruwa, ya zuro waya ta tagar kicin, muka ja ta ta kan katako har bayan talabijin ɗinmu. Matsalar ita ce wanda yake sama ba ya ganin hoto, ni mai ganin hoto kuma ina ɗakin da ba taga. Sai Anti ta tsaya a ƙofar fulat, bakin matakala. Shi zai juya ya tambaya, ita ta miƙo mini tambayar, ni in duba in ba ta amsa, ta cilla masa sama.

Kafin ya hau na ba shi shawara irin ta masana. Na ce na lura duk dish ɗin unguwar nan gefe ɗaya suke kallo, ya juya ta can. Ya bi maganata. Babu abin da ya fito sai ɗigo-ɗigo baƙi da fari suna tafasa.

Na ji muryarsa can sama kamar daga rijiya. Anti ta ce, "Ya yi?"

Na leƙo na ce a hankali, "Bai yi ba."

"Me kika ce?"

"Na ce bai yi ba."

"Ƙanwata, da sauro kike magana? Ɗaga murya."

Na nuna mata ƙofar masu gadi da baki. Ta ce, "Mijinki yana can yana soyuwa kamar kifi, ke kina nan kina raɗa. Idan ya narke ni ba ruwana. Buɗe bakinki."

Na rufe ido na kwarara, "Bai yi ba!" Ni kaina sai da na tsorata. Tun da na sauka a ƙasar nan ban ji muryata ta kai haka ba. Yarona da yake kan katifa ya tashi zaune. Ba talabijin yake kallo ba, bakina yake kallo.

Haka muka yi ta yi. Ya yi? Bai yi ba. Ya yi? Ya ɗan yi, a koma baya kaɗan. An wuce, an wuce. Can muka kamo wasu mutane suna rawa da takubba, na ce ya yi, Anti ta leƙo ta ce wannan ai tashar wata ƙasa ce ta tsallaken ruwa, ɗanshi ne ya kawo ta. Aka ci gaba. Maigidana ya aiko da saƙo wai a gaya wa mai shawarar dish ya gode. Na ce a gaya masa ya juya kawai. Anti tana isar da saƙo tana ƙara nata gishirin, tana dariya, ni ma na kama dariya har da riƙe ciki. Yaro ya sauko daga katifa ya zo ya tsaya tsakanina da talabijin. Idan Anti ta yi tambaya ya juya wajen ƙofa, idan na amsa ya juyo wajena.

Sai ga hoto ya fito tas. Tambarin tashar garin a kusurwa, wani mutum da farar riga yana karanta labarai, ko ɗigo babu. Anti ta ce, "Ya yi?" Na ja numfashi zan amsa.

"Bai yi ba."

Ba ni na faɗa ba. Wata 'yar murya ce, a shaƙe kamar ta wanda ya tashi daga barci, daga wajen gwiwata. Anti kuwa ba ta tsaya tantancewa ba, ta cilla sama, "Bai yi ba, juya!" Maigidana ya juya. Hoto ya tafi, ɗigo-ɗigo suka dawo.

Ni dai na tsinci kaina a zaune a ƙasa. Anti ta ce, "Ya yi?" Shiru. Ta sake tambaya, shiru. Ta taho tana faɗa, "Ke kuma barci kika yi?" Ta tarar da ni na riƙe kafaɗun yaro ina kallonsa kamar yau aka haife shi.

"Anti, wa kika ji ya ce bai yi ba?"

"Ke mana."

"Ba ni ba ce."

Ta dube ni, ta dubi yaron. Ta zauna a bakin katifa ta dafe ƙirji.

Maigidana ya gaji da tambaya ba amsa, ya sauko jiƙe sharkaf, fuska a murtuke. "Kun bar ni a rana kuna nan kuna hira?" Muka gaya masa, muna katse juna. Ya tsuguna gaban yaron. "Ce bai yi ba. Ce mana. Bai-yi-ba." Yaro ya dube shi, ya sa yatsa a baki. Maigidana ya miƙe ya ce, "Kun dai ji abin da kuke so ku ji."

Anti ta ce, "Malam, ba haka ake yi ba. Ba a tambaye shi ba ya faɗa? Koma sama."

"In koma ina?"

"Sama. Ka juya ka tambaya, kamar ɗazu."

Mutumin da ya ce eriya abin kunya ce, da gudu ya hau matakalar nan. Anti ta koma bakin ƙofa. Na tsaya a wurina, na haɗe leɓena. Tambaya ta sauko daga sama, Anti ta miƙo ta, "Ya yi?" Na yi shiru. Yaro ya dube ni yana jira. Ban amsa ba. Ya dubi talabijin, ya dubi ƙofa, ya buɗe baki ya ce, "Bai yi ba." Wannan karon da ƙarfi, har da tura ciki gaba.

Anti ba ta isar da saƙon ba. Cewa ta yi, "Sauko ka ji da kunnenka."

Ana cikin haka ƙofar masu gadi ta buɗe. Ɗaya daga cikinsu ya fito da singileti, ido jajur. Na fara ba shi haƙuri. Ya ce, "Hajiya, haƙurin me? Wallahi mu mun ɗauka yaron nan an mayar da shi Najeriya, ba ma jin ɗuriyarsa. Ki bar shi ya yi ihunsa. Mu da muke barci a tsaye a bakin get, kukan yaro ne zai hana mu?" Ya shafa kan yaron ya ce, "Maigida, ya yi ko bai yi ba?" Yaro ya ɓuya a bayan zanina. Sai daf da magariba aka sake samo tashar, kuma saurayin nan ne ya hau ya taya maigidana ɗaure ta.

Juma'ar da ta biyo baya, da mahaifiyata ta yi tambayarta, sai na kara wa yaron waya a kunne na ce ta tambaye shi ko ya yi. Ta ce, "Me ya yi?" Na ce ta dai tambaya. Ta tambaya. Ya ba ta amsa. Na karɓi waya na ji tana ta hamdala tana kiran mutanen gida su zo su ji. Maganar a bar mata shi ba ta sake tasowa ba. Daga baya Anti ta raka ni asibiti aka duba kunnensa, likita ta ce lafiya ƙalau yake ji, in riƙa yi masa hira, in fita da shi cikin yara.

'Yan tsana sun dawo, ya ci gaba da kallonsu, amma ba daga wurinsu kalmomi suka zo ba. Iskar Doha ba ta barin eriya ta zauna, kwana kaɗan sai ta karkace. Tunda maigidana ba ya nan da rana, ni na koyi hawa. Anti ta tsaya a matakala idan ta dawo daga aiki, yaro a gaban talabijin shi ne alƙali. Da farko komai bai yi ba ne a wurinsa, ko hoto ya fi madubi kyau. Sannu a hankali ya koyi "ya yi", ya koyi "juya", ya koyi "Anti". Ni da na haife shi sai da na bi layi, "Mama" ta zo bayan "khalas", wato "shi ke nan" da Larabci. A saman nan ne kuma na fara ganin unguwar da nake zaune a cikinta, rufin gidaje da tankuna da shanya, da tattabarun wani mutum a ginin da ke kallonmu. Kafin nan Mansura a wurina matakala ce da baƙala.

Kamfanin da masu tashar sun shirya daga baya, tashoshi suka dawo kan dish ba tare da kowa ya ba mu haƙuri ba. Maigidana ya ce a sauke eriya. Na ce a bar ta. Har muka tashi daga gidan tana nan a jikin tanki.

Yanzu idan na tuna, ba na jin haushin kaina. Yarinya ce ni a ƙasar da ban san kowa ba, an ce in kiyaye haƙƙin maƙwabta, na kiyaye iyakar ganewata. Abin da ban sani ba shi ne yaro ba ya koyon magana a inda ba a yin ta, kuma mutanen da nake ta tsoron damu ashe su ma shirun yana damunsu. Ba na cewa duk yaron da ya yi jinkiri haka nasa yake. Idan wata ta kawo mini irin wannan kuka, cewa nake ta fara kai shi a duba kunnensa. Bayan nan sai in tambaye ta, a wuni, sau nawa yake jin muryarki?

Yaron nan yau ya fi ubansa tsawo. Idan ya kira ni a waya, ni ce nake cewa, "To ya isa haka, bari in je in yi salla." Sai ya ce, "Mama tsaya, saura abu ɗaya." Kuma ina tsayawa.